Idan takunkumi ya yi ƙaranci, wa za a fara ba wa a makaranta?

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum, iyaye da malamai. An ɗora mini aikin rubuta tsarin da makarantarmu za ta bi idan wata annoba mai bin iska ta sake ɓulla, kuma na zo babin takunkumi na cije. Abin da ya sa na cije shi ne wani abu da na gani da idona lokacin da aka sake buɗe makarantu bayan kullen korona a 2020. Umarnin da ya zo mana a lokacin gajere ne: duk wanda ba shi da takunkumi kada ya wuce bakin ƙofa. Ba a haɗo umarnin da ko takunkumi ɗaya ba. A rana ta uku ina tsaye a ƙofa sai na lura da wani shuɗin takunkumi mai tabon biro a gefensa ya wuce ni har sau uku, a kan fuskoki uku daban-daban. Da na zagaya bayan katanga sai na tarar da yadda ake yi: yayan ya shiga da shi, ya cire ya jefo ta saman katanga, ƙanin ya cafe ya ɗaura tun yana da ɗumi da danshin numfashin ɗan'uwansa, shi ma in ya shiga ya jefo wa na ukun. Dokar da aka kafa don tsare yara ita ce ta sa suna musayar yawu da sassafe.

Ga lissafin da ya hana ni barci. Muna da ɗalibai 800 da ma'aikata 40. Idan kowa zai sami takunkumin asibiti guda ɗaya a rana, zango ɗaya mai kwanakin karatu 65 zai ci guda 54,600, kuma ma'aikatan lafiya suna cewa wanda ya jiƙe da gumi ko yawu ya tashi daga aiki, ke nan wasu yaran sai biyu a rana. Ba mu da wannan adadi, kuma ba na jin za mu taɓa samunsa a lokacin da kowa yake nema. Tambayata biyu ce: idan abin da ke hannu bai fi rubu'in buƙata ba, wa za a fara ba wa? Sannan yaron da ya zo babu takunkumi, a mayar da shi gida ko a bar shi ya shiga aji?

Hajiya Binta:
Wa alaikumus salam, Malama. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina so in fara da tunatar da mu yadda ƙarancin ya faro, don kada tsarin ya dogara da cewa za a sayo idan buƙata ta taso. A ranar 3 ga Maris 2020, kwana takwas kafin ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa ana buƙatar takunkumin asibiti miliyan 89 a kowane wata don aikin lafiya, cewa farashinsa ya riga ya ninka sau shida, kuma ta roƙi masana'antu su ƙara abin da suke yi da kashi 40 cikin ɗari. Kusan rabin takunkumin duniya a China ake yin sa kafin annobar, kuma can ne cutar ta fara tsayar da masana'antu, ga shi su ma suna buƙatarsa a gida. Ƙasashe da dama suka hana fitar da nasu. Wannan yana cikin dalilan da suka sa da farko hukumomi ba su ce jama'a su saka ba, suna tsoron a kwashe a bar masu jinya fuska a buɗe. Mu da muke ɗakin marasa lafiya mun san abin da ake nufi da saka takunkumi ɗaya tun safe har dare, a cire a ajiye cikin ambulan ɗin takarda a rubuta suna a kai saboda gobe.

Don haka amsata ga tambayarki ta farko ita ce, takunkumin asibiti kaɗan ɗin da makaranta ta mallaka a keɓe shi ga wuri biyu. Na farko, yaron da ya fara tari ko zazzaɓi a cikin aji da wanda zai zauna da shi har iyayensa su zo, domin a nan ne guda ɗaya yake yin aikin hamsin. Na biyu, malamai da sauran ma'aikata. Ɗalibai kuma a nema musu na yadi.

Alhaji Garba:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, amma ban gamsu da na biyun ba. 'Ya'yana huɗu ne a makaranta a wancan lokaci, kuma na san yadda aka sha. Malami yana karɓar albashi, yana iya nema wa kansa. Yaro ɗan shekara tara ba shi da komai sai abin da aka ba shi. Ta yaya za a ce mai hali shi za a raba wa mai kyau kyauta, marar hali kuma a bar shi da ƙyalle? Makaranta don yara aka gina ta. Kuma game da tambaya ta biyu, ina ganin duk wanda ya kafa doka shi ya kamata ya kawo abin cika ta. An taɓa koro mini 'yata saboda robar takunkuminta ta tsinke a hanya, ta dawo tana kuka riƙe da shi a hannu, ta rasa jarrabawar gwaji a ranar. Wanda ya kore ta kuwa nasa yana ƙarƙashin haɓa.

Malam Sani:
Alhaji, abin da aka yi wa 'yarka ba daidai ba ne, kuma a kan tambaya ta biyu muna tare. Amma maganar fara ba wa malamai ba fifiko ba ne, kuma zan yi bayani a matsayina na mai koyar da kimiyya. Takunkumi yana aiki ta fuska biyu: yana rage abin da mai shi yake shaƙa, yana kuma rage abin da yake fesowa. Wanda ya fi kowa feso numfashi da ƙananan ɗigon yawu a cikin aji shi ne wanda ya fi kowa magana da ɗaga murya, yana fuskantar yara hamsin na tsawon minti arba'in, sannan ya fita ya shiga wani ajin ya maimaita. Malamin sakandare ɗaya yana iya ratsa aji biyar a yini. Idan ya kamu bai sani ba, ya zagaya da ita ke nan. Takunkumin da ke fuskar malami 'ya'yanka yake karewa kafin ya kare shi. Ban da haka, korona ta fi yi wa manya illa nesa ba kusa ba, kuma idan malamai shida suka kwanta an rufe makarantar ko da ba a sanar ba.

Malama Hadiza, lissafinki ma zai ragu idan kika bi shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a watan Agustan 2020. Sun ce kada a tilasta wa yara 'yan shekara 5 zuwa ƙasa, 'yan shekara 6 zuwa 11 kuma a duba yanayi, wato yawan yaɗuwar cutar a yankin da ko yaron zai iya sarrafa shi da kulawar babba, sai 'yan shekara 12 zuwa sama su saka kamar manya. Kuma sun ce kada a saka lokacin wasanni da motsa jiki.

Abu ɗaya nake so a rubuta da manyan baƙaƙe: ba a wanke takunkumin asibiti. Fallen tsakiyarsa roba ce da aka narkar aka feso ta ta zama zare siriri ƙwarai, aka kuma ba ta cajin lantarki irin wanda ke sa mataji da aka goga a gashi ya ɗauki guntun takarda. Wannan cajin ne yake kama ƙananan abubuwan da za su iya ratsa ramukan zaren. Ruwa da sabulu suna kashe shi. Na ga iyaye suna wankewa suna shanyawa a igiya da kyakkyawar niyya, ya fito fes a ido, alhali babban aikinsa ya tafi.

Malam Idi:
Ranku ya daɗe. Ni tela ne, kuma na ɗinka na yara masu yawa a wancan lokaci, saboda haka bari in faɗi abin da keke ya koya mini. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a watan Yunin 2020 ita ce falle uku: na ciki auduga mai shan danshi, na tsakiya abin tacewa wanda ba saƙa ba ne, na waje kuma yadin da ba ya shan ruwa. Mafi yawan waɗanda aka riƙa sayarwa falle ɗaya ne, in ka ɗaga shi a rana kana hango mutum ta cikinsa. Amma babbar matsalar da na gani ba ta yadi ba ce, ta awo ce. Ana yanka na manya a ɗaura wa yaro, sai ya buɗe baki biyu a kumatu har yatsu biyu suna shiga, iska kuma ba ta da wauta, inda ta sami hanya nan take bi. Na yara sai an yanka shi daban, aƙalla awo biyu, a sa siririyar waya a karan hanci a lanƙwasa, wadda kuma take rage tururin da ke rufe wa masu tabarau ido.

Abin da ya fara ƙarewa a hannunmu ba yadi ba ne, roba ce ta kunne. Da ta yanke sai na koma yanka tsofaffin riguna masu talewa ina yin igiya da su, na kuma gano ta fi roba daɗi a kunnen yaro, ba ta yanka bayan kunne. Na ji cewa a Jamhuriyar Cek, da gwamnati ta wajabta rufe baki da hanci a watan Maris 2020 alhali babu shi a kasuwa, mutanen gari ne suka zauna a kan kekuna suka ɗinka suka rarraba. Ku lissafa uku ga kowane mutum, ɗaya a fuska, ɗaya a jaka, ɗaya a wanki. Ga makarantar Malama guda 2,520 ke nan, kuma wannan adadi ne da teloli kaɗan za su iya gamawa idan ba a jira sai ranar da annoba ta shigo ba.

Dakta Aminu:
Ina neman afuwa, zan ɗan zuba ruwan sanyi a kan maganar, domin kafin a yi faɗa a kan rabon abu ya kamata a san iyakar amfaninsa. A ɗakin gwaji babu gardama: takunkumin N95, wato mai kama fuska sosai da aka ƙera musamman don tace iska, idan ya zauna daidai a fuska yana tace aƙalla kashi 95 cikin ɗari na ƙananan abubuwan da aka gwada shi da su, na asibiti yana biye, na yadi yana baya. Gardamar tana kan abin da ke faruwa idan aka ɗaura wa jama'a, musamman yara, na tsawon sa'o'i shida.

Babban gwajin da aka yi a Bangladesh, wanda sakamakonsa ya fito a 2021, ya haɗa ƙauyuka 600 da manya sama da 340,000. Masu sakawa sun ƙaru daga kashi 13 zuwa 42 cikin ɗari, kuma a ƙauyukan da aka raba na asibiti masu alamun cutar da gwajin jini ya tabbatar sun kamu sun ragu da kusan kashi 11 cikin ɗari. Na yadi kuwa sakamakonsa bai fito fili ba. Wannan a kan manya ne. A kan makarantu, binciken da aka yi ya rabu biyu. A yankin Kataloniya na Sifaniya an kwatanta 'yan shekara 5 da ba a wajabta wa ba da 'yan shekara 6 da aka wajabta wa, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. A yankin Bostan na Amurka kuwa, bayan an ɗage dokar a watan Fabrairun 2022, makarantun da suka cire sun sami ƙarin kusan mutum 45 cikin kowane 1,000 da suka kamu a makonni 15, idan aka kwatanta da waɗanda suka ci gaba da sakawa. Kowane ɓangare yana da masu suka. Ƙasar Denmak ta buɗe makarantun firamare tun 15 ga Afrilu 2020 ba tare da takunkumi ba, ta dogara da raba yara ƙananan rukunai, wanke hannu da yin darasi a fili. Faransa ta wajabta wa 'yan shekara 6 zuwa sama a Nuwamban 2020, daga baya a farkon 2021 ta hana wanda aka ɗinka a gida a makarantu.

Abin da na fahimta shi ne yana taimakawa, amma taimakon matsakaici ne kuma ya dogara da irin takunkumin da yadda aka saka shi. Illar rashin zuwa makaranta kuwa babu wanda ke musunta ta. UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ƙiyasta cewa rufe makarantu ya shafi ɗalibai kusan biliyan 1.6 a lokacin da abin ya yi tsanani. Korar yaro a bakin ƙofa sayen tabbatacciyar asara ce da ribar da ba a tabbatar da girmanta ba. Ni da za a bi tawa, da babin taga ya zo kafin babin takunkumi: a buɗe tagogin da ke fuskantar juna, a cire ƙusoshin da aka kafe wasu da su, a fitar da darasi waje duk lokacin da ya yiwu.

Hajiya Binta:
Likita, ban musa alƙalumanka ba, amma duka a kan korona suke, Malama kuwa tsarin gobe take rubutawa. Annoba ta gaba ba lallai ta tausaya wa yara yadda korona ta yi ba. Murar 2009 ta fi kama yara da matasa fiye da tsofaffi, haka ma murar 1918 ta kashe matasa majiya ƙarfi da yawa. Idan irin wannan ta zo, jerin da na bayar da kaina zai iya juyewa, Alhaji Garba ya zama shi ne mai gaskiya. Sannan ba kowace annoba ce takunkumi yake da ruwa da ita ba. Kwalara ta ruwa da abin da aka ci take bi, Ibola ta taɓa jini da ruwan jikin majinyaci take bi, ƙyanda kuwa tana bin iska sosai amma maganinta riga-kafi ne. Na ga makarantar da ake duba fuska a ƙofa alhali babu sabulu a bakin banɗaki. Ya kamata tsarin ya buɗe da tambaya biyu kafin a taɓa kwali: ta ina cutar take yaɗuwa, kuma wa ta fi kayarwa?

Game da ajiya kuma, kada a tara a manta. Faransa da Amurka duka sun tara takunkumi mai yawa a shekarun baya, ba a sabunta shi yadda ya kamata ba bayan 2009, da korona ta zo sai aka tarar ya ragu ƙwarai, wani kuma wa'adinsa ya wuce. Robar kunne ce take fara mutuwa, ka ja ta ta tsinke a hannunka. A ajiye a wuri busasshe, a rubuta kwanan wata a jikin kwali, a riƙa amfani da tsohon a ɗakin shan magani ana maye gurbinsa.

Malama Rukayya:
Ina roƙon a bar wa ɗalibaina layi ɗaya a cikin tsarin. Ina koyar da yara masu matsalar ji, kuma da yawansu da leɓe da fuska suke kama rabin magana, har masu yaren hannu ma fuska tana cikin nahawunsu, gira da baki su ne suke nuna tambaya ko musu. Ranar da na fara shiga aji a rufe, wata yarinya ta dube ni ta ɗan jima, sannan ta kifa kanta a kan tebur, ba ta sake ɗagowa ba har aka tashi. Mun gwada mai tagar roba a baki, yana taimakawa, sai dai yana yin tururi bayan 'yan mintoci, dole a riƙa shafa masa ɗan sabulu a goge. Haka masu koyar da 'yan aji ɗaya furucin baƙaƙe suke fama, domin yaro yana buƙatar ganin yadda leɓe ke haɗuwa. Shawarar Agustan 2020 da Malam Sani ya ambata ta yarda a yi sassauci ga yara masu buƙata ta musamman, amma mai gadin ƙofa bai karanta ta ba. Idan ba a rubuta sassaucin a takardar makaranta ba, kamar babu shi ne.

Alhaji Garba:
Malam Sani, na karɓi bayaninka a kan malamin da ke zagaya aji biyar, ban taɓa kallon abin ta nan ba. Amma sharaɗina yana nan: wanda aka ba wa mai kyau ya saka shi a kan hanci, in ba haka ba a karɓe a ba wa yaro. Kuma ina da tambaya ga masu cewa uku ga kowane ɗalibi. Wa zai wanke? Ba kowane gida ne ake da mai bin jakar yaro kullum ba, kuma na sha ciro na ɗana daga aljihu a dunƙule, ya kwana uku a jiƙe.

Malam Sani:
Tambayar tana kan hanya, Alhaji. Koriya ta Kudu, da ƙarancin ya kai mata iya wuya a watan Maris 2020, ta ƙayyade wa kowa guda biyu a mako, ta kuma raba ranakun saye bisa lambar ƙarshe ta shekarar haihuwa, layin ya ragu saboda kowa ya san ranarsa. Makaranta za ta iya aron wannan dabara a ƙaramin mataki: kowane aji da launin zarensa, kowane takunkumi da lambar mai shi, a karɓi masu datti a bokiti lokacin tashi ga waɗanda ba a iya wanke musu a gida, a wanke da sabulu da ruwan zafi a shanya a rana. Aiki ne, kuma sai an sa sunan wanda zai yi shi, in ba haka ba kan malamar aji zai faɗa.

Malama Hadiza:
Na gode ƙwarai. Na goge jimlar korar ɗalibi gaba ɗaya, na maye gurbinta da kwalin ajiya a hannun mai gadi, duk wanda ya zo babu a miƙa masa ya wuce, ba tare da an rubuta sunansa ba. Sassaucin da Malama Rukayya ta nema ya shiga, babin taga kuma na dawo da shi gaba kamar yadda Likita ya ce. Jerin waɗanda za a fara ba wa na rubuta shi da fensir, saboda maganar Hajiya Binta cewa cutar ce za ta faɗi wa ta fi kayarwa. Inda har yanzu ban yanke ba shi ne 'yan shekara 6 zuwa 11, waɗanda su ne fiye da rabin ɗalibanmu, kuma zan kai wa kwamitin iyaye da malamai ra'ayoyin biyu, na a wajabta musu da na a bar su, kamar yadda kuka kawo su. Malam Idi, ko za ka iya yi mana samfuri na awo biyun da ka ambata, in tafi da su zaman?

Malam Idi:
Zan iya, ranki ya daɗe. A auna mini yaro ɗaya daga aji ɗaya da wani daga aji shida, daga karan hanci zuwa ƙasan haɓa, sannan daga gaban kunne zuwa gaban kunne ta kan hanci. A tabbata bakinsu a buɗe yake kaɗan lokacin awon, kamar suna amsa tambaya, domin wanda aka auna baki a rufe yakan zame ƙasa da zarar yaro ya fara magana.